Safiyanu Mai Murya da Katin da Ya Ƙi Magana

Duk wanda ya zauna a Gombe a shekarun nan ya san muryar Safiyanu, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ita ce take fitowa daga lasifikar da ake ɗaurewa a kan tsofaffin motocin masu magani, ta tare mutum a tsakiyar titi tana tambayarsa ko yana fama da kumburin ciki. Ita ce take tallan takin zamani da sabuwar makaranta da ɓatan akuya. Mutumin kansa kuwa gajere ne, siriri, mai ɗan gemu. In ka gan shi a layin famfo ba za ka yarda daga ƙirjinsa wannan tsawa take fita ba. Maƙwabcina ne a Kumbiya-Kumbiya, katanga ɗaya ta raba mu. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani na ji ta katanga, sauran shi ya ba ni da bakinsa.

A wata ruga wajen Kwami aka haife shi. Mahaifinsa Joda makiyayi ne, kuma tun da wuri ya gane ɗan nan ba na kiwo ba ne, domin in Safiyanu ya kira saniya ɗaya, garken maƙwabta ma tasowa yake. Da ciwon huhu ya cinye yawancin shanun, iyalin suka dawo gari. Safiyanu ya samu kansa a tashar mota a Bolari yana kiran fasinja. Shekara tara yana faɗin "Saura mutum ɗaya!" ko da motar babu kowa sai direba.

A nan Bawa Mai Magani ya ji shi. Bawa Bakatsine ne mai sayar da maganin basir, muryarsa ta dushe saboda ihu a rana. Ya ja Safiyanu wurin mai ɗaukar kaset, aka ba shi takarda ya karanta, cikin mako biyu maganin ya ƙare. Daga kaset aka koma faifai, daga faifai aka koma memori. Safiyanu ya bar tasha, ya yi aure, ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya manna kwalayen ƙwai a bangon zaurensa, ya rubuta "Situdiyo" a ƙofa da fenti.

A cikin zauren akwai abu ɗaya da ba a taɓawa: wata ƙatuwar lasifika ta katako, tsayinta ya kai ƙugunsa. Wani kafinta ne ya haɗa masa akwatin. Kullum da safe sai ya goge ta kafin ya wanke fuskarsa. Nagge yake kiranta, wato saniya da Fulatanci, wai ita ce kaɗai dabbar da ta taɓa zama a hannunsa.

Shekarar da wannan abu ya faru, gari ba daɗi. Bam ya tashi a tashar mota, cikin waɗanda suka rasu har da mutum biyu da Safiyanu ya yi shekaru yana cin abinci kwano ɗaya da su. An jera buhunan yashi a hanyoyi. Masallaci ma sai an shafa maka ƙarfen bincike kafin ka shiga. Mutum zai ajiye leda ya tsuguna alwala, kafin ya ɗago an watse an bar shi da ledarsa. Kowane gida ana maganar inda za a nufa in abin ya shigo gari, amma a hankali, don kada yara su ji.

Ana cikin haka Alhaji Bamanga, shugaban 'yan layin buhu a Kasuwar Gombe, ya aiko a kira Safiyanu. Sun ɗaure lasifika a kan rumfa, suna son sanarwar da za a riƙa sakawa don jama'a su kula da kayan da aka yar da baƙin fuska.

"Muryarka mutane suka sani," in ji Alhaji. "Litinin ta sama muke so."

"Ai an gama, Bappa," in ji Safiyanu.

Yana can kasuwa wutar lantarki ta zo unguwarmu da ƙarfi. Ƙwan fitila biyu suka fashe a gidana, fanka ta yi ƙauri. Da Safiyanu ya dawo ya kunna kwamfuta, ta tashi lafiya, hoto ya fito, fitilar amfilifaya ta kama, amma Nagge ba ta ce uffan ba.

Ya kira Alfred. Alfred ɗan Billiri ne, shagon gyaransa yana Bolari, shi ya koya wa Safiyanu kwamfuta tun daga riƙe linzami. Mutum ne mai haƙuri, kuma yana da ɗabi'ar shinshina inji kafin ya taɓa shi. Ya durƙusa ya shinshina bayan kwamfutar, ya ji ƙaurin fanka da ya cika unguwa, ya miƙe ya ce, "Malam, katin sauti ya tafi. Sai sabo, kuma sai Kano."

A lokacin babu direban da zai karɓi saƙo a rufe, ko daga ɗan'uwansa ne. Dole Safiyanu ya tafi da kansa. Ya samo katin, na hannu, ba kwali ba faifai, an naɗe shi a wata leda mai walƙiya kamar azurfa. Ya sa a aljihun gaba ya dafe da hannu tun daga Kano.

A shingen ƙarshe kafin gari aka sauke fasinjoji, kowa ya ɗaga hannu. Wani soja ya ga hannun Safiyanu ɗaya bai ɗagu ba.

"Mene ne a aljihu?"

"Kati ne, ranka ya daɗe."

"Fito da shi. A hankali."

Leda ta yi walƙiya a rana. Ga wani koren faranti a ciki, da ƙananan abubuwa a jere kamar ƙwayoyin magani. Fasinjoji suka fara ja da baya.

"Me yake yi?"

"Ƙara yake fitarwa."

Wata mata ta sunkuci ɗanta ta nufi gona. Safiyanu ya ga an ƙi fahimtarsa, sai ya yi ƙoƙarin gyarawa. "A'a, shi kaɗai ba ya komai. Sai an haɗa masa waya an ba shi wuta."

Kafin ya rufe baki yana kwance rub da ciki, katin yana can tsakiyar kwalta shi kaɗai, motoci sun tsaya ta kowane ɓangare. Tsoro ya sa ya buɗe murya gaba ɗaya yana rantsuwa. Sai wani babba a cikin sojojin, wanda ke zaune a inuwa, ya taso ya tsaya a kansa.

"Sake magana."

Ya sake.

"Ce, kana fama da kumburin ciki."

Safiyanu, kumatunsa a ƙasa, ya faɗa. Aka ce ya ci gaba. Ya karanta tallan Bawa tun daga kumburin ciki har zuwa lambar waya. Mutumin ya sa aka ɗaga shi, aka kaɗe masa riga, aka miƙo masa katinsa. Da Safiyanu zai shiga mota, mutumin ya jawo shi gefe ya rage murya. "Tsakaninka da Allah, maganin nan yana yi?"

"Ni karantawa kawai nake yi, ranka ya daɗe."

Ranar Laraba Alfred ya buɗe kwamfutar, ya hure ƙura, ya danna katin a gurbinsa har ya ce ƙas. Aka mayar da murfi. Safiyanu ya yi bismilla ya kunna. Shiru.

A bayan katin akwai ramuka biyar, kowanne da launinsa. Alfred ya ce koren ne na lasifika. Aka sa a kore, shiru. Safiyanu ya ce ƙila na Kano daban suke, aka gwada shuɗi da baƙi da ruwan hoda da ruwan lemo. Aka duba ko an rufe sautin daga allo, ba a rufe ba. Aka ɗaga shi har ƙarshe, aka murɗa na amfilifaya shi ma har ƙarshe. Alfred ya zaro iyafis ɗin wayarsa ya soka a koren ramin ya sa a kunne. Babu komai.

"Ka gani ko," in ji Safiyanu. "Dama na san ba Nagge ba ce."

Alfred ya shiga wani lungu na kwamfutar ya nuna masa wata alamar tambaya ruwan ɗorawa. "Ga matsalar. Katin ba shi da direba."

"Direba kuma? Ina za shi?"

"Ba na mota ba, Malam."

"In direba ne, babu wanda ban sani ba a Gombe. Faɗi irin wanda kake so."

Alfred ya yi masa bayani cewa wani rubutu ne da ake saukowa daga intanet, shi ke gaya wa kwamfuta yaren da katin yake ji.

"To ku ce tafinta mana," in ji Safiyanu. "Kun bi kun ɗora wa direbobi laifi."

Sauko da tafintan ya ci kwana biyu. Shagon intanet da Alfred ya saba zuwa ya rufe, mai shi ya ce ba ya son taron mutane. Sabis kuwa sai a kan katangata ake samunsa, don haka Alfred ya wuni a zaune a kanta da ƙaramar kwamfutarsa a cinya, masu wucewa suna kallonsa da irin kallon da ake yi wa kowa a lokacin. Sau uku abin yana kusan cika ya katse. Da ya cika aka saka, sai rubutun allo ya koma Sinanci. Aka cire, aka koma katanga.

Kafin nan an gwada duk abin da ake gwadawa. An cire katin an mayar da shi wani gurbin. An goge haƙoransa na ruwan zinariya da abin goge fensir na Hikima, 'yar Safiyanu. An shiga wani shuɗin allo da ke fitowa kafin kwamfuta ta gama tashi, inda Alfred ya ce in ka taɓa abin da ba shi ba sai ta manta sunanta, aka kashe tsohon sautin don kada su yi rigima da sabon. An kashe an kunna har maɓallin ya fara maƙalewa.

Ranar Juma'a Bawa ya zo da kwalba. Ya ji labari a kasuwa. Ya ce shi ya san dushewar murya fiye da kowa, kuma abin da ke kwalbar zuma ce da citta da kanumfari. A ɗan shafa wa katin, a rufe shi da tsumma, zuwa la'asar zai buɗe.

Alfred ya tare gaban kwamfutar da jikinsa. "Alhaji Bawa, in zuma ta taɓa katin nan, ni na tafi."

"Kai kwana nawa kana gyara?"

"Uku."

"Ta yi magana?"

Aka yi ta ja, har aka sasanta a kan Safiyanu ya sha, tunda shi ne mai kayan. Ya shanye rabin kwalba. Muryarsa ta ƙara kauri, kwamfuta tana nan yadda take.

A duk makon nan na lura da wani abu a gidan. Umma, matar Safiyanu, mace ce da ba ta shiga zaure, ta ce warin waya yana sa mata ciwon kai. Amma yanzu ga ta da kwanon fura, ga ta da dafaffiyar gyaɗa, ga ta da dambun da ba ta yi sai da salla. Ta shimfiɗa wa Nagge wani farin kyalle mai ado ta ɗora furen roba a kai. In an matsa kusa da lasifikar sai ta ce, "Baban Hikima, ƙila gajiya ce. Shekara nawa tana magana? A bar ta ta huta mana." Safiyanu ya gaya mini ta katanga cewa bai taɓa sanin Umma ta damu da sana'arsa haka ba, har idonsa ya kawo ruwa.

Ranar Asabar da hantsi direban gaskiya ya sauka. Alamar tambaya ta ɓace. Aka kunna wani tsohon talla, sai ga korayen sanduna suna tsalle a allo, sama da ƙasa, daidai da magana. Kowa ya riƙe numfashi. Shiru.

Alfred ya zauna a ƙasa. "Malam, ita dai ta ce tana magana."

"To mu ne ba ma ji?"

Safiyanu ya ɗauki maganar da gaske. Ya fito tsakar gida ya ce in kira sunansa ta katanga, da ƙarfi sannan a hankali. Ya ji duka biyun. Ya ce in shigo in saurara da nawa kunnen, ko nasu ne suka gaji. Haka muka durƙusa mu uku, manya da mu, kowa ya manna kunne a jikin katako, Umma tana tsaye a ƙofa tana cewa abinci zai huce.

Lahadi Alfred yana coci, ga Litinin ta ƙarato. Safiyanu ya ce tunda sandunan suna tsalle in ya yi magana a makirfo, to ɗauka tana yi, ji ne kawai babu. Shekara nawa yana aikin nan? Ba sai ya ji kansa ba. Ya buɗe aikin ƙarshe da ya yi, don a nan ne ya daidaita komai yadda yake so, ya ƙara sabon layi, ya karanta sanarwar a tsanake. Bayan kowace jimla yakan ɗan dakata don ta shiga kunnen jama'a. Ya zuba a memori, ya naɗe a takarda. Abin da bai lura ba shi ne, aikin ƙarshen nan tallan Bawa ne, kuma yana nan kwance a layin ƙasa.

Na raka shi kasuwa ranar Litinin. Alhaji Bamanga ya tara manyan layi a gaban rumfarsa, aka yi addu'a, aka soka memori, aka murɗa. Muryar Safiyanu ta cika layin buhu har zuwa 'yan tumatir.

"Jama'a, a saurara. Sanarwa daga shugabannin layi."

Masu dako suka tsaya. Sai muryar ta ci gaba, ita dai ɗin ce, ba gaɓa ba tsagi:

"Kana fama da kumburin ciki? Duk wanda ya ga jaka ko buhu babu mai shi, kada ka ji kunya, ba kai kaɗai ba ne. Kada ya taɓa, kada ya buɗe. A jiƙa shi a ruwan ɗumi. A sanar da shugabanni nan take, a sha kofi ɗaya safe da yamma. In ka ga baƙuwar fuska tana yawan waige-waige, ta kasa zama wuri ɗaya, wannan alama ce ta basir mai tsiro. Allah ya kiyaye mu baki ɗaya. In bai yi ba, ka dawo."

Na ɗan lokaci babu wanda ya motsa. Wata tsohuwa mai sayar da kuka ta tambayi na kusa da ita, da gaskiyarta, wane irin baho ne zai ci buhu. Daga nan aka fashe. Na ga ɗan dako ya sauke buhun masara don kada ya faɗi da shi. Na ga mutumin da ya rasa ƙaninsa a tasha yana dafe da ginshiƙi yana share hawaye, shi kansa bai san na mene ne ba. Wata da watanni ban ji dariya irin wannan a kasuwar ba. Mai kula da na'urar ya rikice, maimakon ya kashe sai ya danna maimaitawa.

Alhaji Bamanga bai yi dariya ba. Ya dubi Safiyanu ya ce, "Ni ka mayar mai basir a gaban jama'ata?"

Safiyanu ya buɗe baki, karo na farko a sanina da shi babu abin da ya fito. Ya juya ya bi ta 'yan tumatir ya fice, ko keke bai tsaya hawa ba.

Da la'asar Alfred ya zo yi masa jaje. Suka zauna a zaure. Alfred, don hannunsa ya samu abin yi, ya zaro iyafis ɗinsa ya soka a koren ramin, ya sa a kunne, ya danna. An manta an ɗaga sautin har ƙarshe. Ya yi tsalle ya bugi kwalayen ƙwai, ya fizge wayar yana riƙe da kai.

"Tana yi! Malam, tana yi! Tun Asabar take yi!"

"Me ka ce?"

"Me ka ce?" in ji Alfred, don shi a lokacin ba ya ji.

Ranar Laraba da suka gwada iyafis, babu direba. Da direba ya zo, babu wanda ya tuna ya sake gwadawa. Suka juya a tare suka kalli Nagge da farin kyallenta da furen roba.

Na shigo daidai lokacin da suka juya ta. Ta yi nauyi fiye da yadda Safiyanu ya san ta. Kusoshin baya guda takwas duk sun sha ƙarzuwa, kamar da bakin wuƙa aka murɗa su. Alfred ya sa sukurudireba. Da murfin ya buɗe, abin da ya fara faɗowa ledar ƙuli-ƙuli ce. Sai takardun gida a cikin leda biyu. Sai takardun haihuwar yara da katin rigakafinsu. Sai 'yan kunnen Umma a ƙulle a bakin ɗankwali, da zannuwa biyu, da tocila, da garin rogo, da hoton marigayi Joda riƙe da sanda. Wayar da ya kamata ta kasance a jikin lasifikar kuwa an ɗaure ta tsaf da zaren ɗinki a jikin wata ƙusa.

Umma tana bakin ƙofa. Ba ta gudu ba.

"Maman Hikima," in ji Safiyanu a hankali. "Mene ne wannan?"

"Kayan gudu ne."

"A cikin Nagge?"

"To ina zan sa? Na yi tunanin akwati, na yi tunanin ƙarƙashin gado. Sai na ce, in ranar ta zo ana harbi, me Malam zai ɗauka? Na san ita za ka fara ɗauka kafin ni. To gara takardun yara su bi ta."

Ta ci gaba. "Ranar da ka tafi wurin Alhaji na buɗe. Ina tura zani wayar ta fita. Na mayar da ita, na ɗaure da kyau. Da ka dawo ka ce wuta ce, Alfred ma ya shinshina ya ce wuta ce. Ku ne masana. Na ce ƙila wutar ce."

"Na je Kano, Umma. An kwantar da ni a kwalta."

"Na yi maka dambu."

Alfred ya tambaya ko zai iya fita ya sha iska. Ni ma na bi shi. Ta katanga na ji Safiyanu yana cewa, "Da ke zan fara ɗauka." Umma ta ce, "Hmm." Ya ce, "To, da tare zan ɗauke ku." Ta ce wannan ya fi kama da gaskiya.

Alfred ya liƙa wayar da dalma cikin ɗan lokaci kaɗan. Da aka gwada tsohon sautin kwamfutar, lafiyarsa ƙalau, bai taɓa ƙonewa ba. Safiyanu ya ce duk da haka sabon katin zai zauna, don ba zai yarda a ce a banza ya kwanta a titi ba.

Washegari ya kai wa Alhaji Bamanga sanarwa mai tsabta, ya ba da haƙuri. Aka saka ta kwana uku, babu wanda ya ɗaga kai. A rana ta huɗu Alhaji ya aiko. Ashe tun ranar Litinin masu dako suka haddace ta farkon, suna rera wa juna ita, kuma a dalilinta sau biyu aka zo aka ba da rahoton buhun da ba mai shi. Ɗaya barkono ne, ɗaya tsummokara, amma an zo.

"Ka dawo da waccan," in ji Alhaji, bai kalle shi ba. "Sai dai ka cire inda aka ce daga shugabannin layi."

Bawa ya so a ƙara lambar wayarsa a ƙarshe, aka hana shi.

Maganar kayan Umma kuwa, Safiyanu ya sayo mata akwatin ƙarfe, aka kwashe komai aka zuba. Ya kunna Nagge ya saurara, ya ɓata fuska. Ya ce muryar ta zama fayau, kamar ana magana a cikin bokiti. Ashe Umma ta zubar da audugar da kafinta ya cusa a ciki, zannuwanta da takardun ne suka maye gurbinta. Aka gwada sabuwar auduga, ya ce ba ta kai ba. Aka gwada soso, ya ce ya fi muni. Aka mayar da takardu da zannuwa, ya lumshe ido ya ce yanzu ne. Ƙuli-ƙuli da garin rogo kawai ya hana, saboda tururuwa.

Gari ya lafa a hankali. An kwashe buhunan yashi, mutane suka koma ajiye leda ba fargaba. Safiyanu yana nan a zaurensa, gemun ya yi fari, yanzu har masu neman ƙuri'a suna zuwa, yana karanta wa kowa nasa da murya ɗaya. Shekarar da Hikima ta samu makarantar koyon jinya aka ce ta kawo takardar haihuwa kafin ƙarfe biyu. Ta zo ta tarar yana tsakiyar tallan wani man shafawa. Ya ɗaga mata hannu ta jira, ya gama, ya saurara sau biyu, sannan ya ɗauko sukurudireba. Ya ce ta yi hoton takardar ta dawo da ita kafin la'asar, don yana da sanarwar ɗaurin aure. Ta dawo da ita.